Mafi ƙarancin albashi bai iso Kejetia ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. A 2025 gwamnatin Ghana da ƙungiyoyin ma'aikata da masu kamfanoni sun zauna sun ƙara mafi ƙarancin albashi daga sidi 18.15 zuwa 19.97 a rana, aka yi ta faɗa a rediyo, to ni tambayata ita ce a zangon nan namu mutum nawa ne wannan doka ta taɓa?

Shagona na ɗinki a Aboabo yake, kullum da asuba ina ganin 'yan matan nan kayaye, wato masu dakon kaya a kai, suna wucewa da kwanonsu za su kasuwar Kejetia, wata da goyo a baya, daga Walewale suke ko Tamale ko Yendi, noman damina ya ƙare babu aiki sai suka gangaro kudu. Akwai wata da ke ɗauko min yadi, rannan na ga gashin tsakiyar kanta duk ya zube saboda gammo, ta ce min su da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya na katako kuma kowa sai ta biya, wanka ma biya ake, bayan gida biya ake. Ita ba ta da uban gida balle takardar albashi balle SSNIT, wato asusun fansho na ma'aikata, ranar da zazzaɓi ya kama ta ranar babu ko kwabo.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu binciken tattalin arziki ke ƙirga. A ƙa'idarsu in ka yi aiki ko na awa ɗaya cikin kwana bakwai ka samu wani abu, an sa ka cikin masu aiki ke nan. Ashe ita ma mai ɗauko min yadin nan a takarda mai aiki ce! Wallahi wannan ƙirga ba ta nuna wahalar mutane, musamman ga wanda ya ga Disamba 2022 da tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuɗin dako kuwa yana nan inda yake.

An soke harajin kayaye a 2017, mun gode Allah. Amma roƙona ga hukumar ƙididdiga da malaman jami'ar KNUST da ke nan kusa da mu, su shigo kasuwa su tambayi yaran nan da Dagbani da Mampruli da Hausa, nawa ya rage a hannu bayan an biya ɗaki da koko da magani, su buga shi mu ma mu karanta.

Naku,
wani tela, Aboabo, Kumasi