Wa ke tambayar wakilanmu yadda suka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida tamu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk watan Satumba, idan shugabanninmu suka tafi New York taron shekara-shekara na Majalisar Ɗinkin Duniya, jaridu sukan kawo mana hoton shugaba a kan mumbari da dogon jawabinsa, wanda da wuya ya ƙare bai nemi a ba Afirka kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu ba. Daga nan sai labarin ya mutu, sai kuma baɗi. Alhali bayan shugabanni sun watse ne jakadu ke zama suna kaɗa ƙuri'a da sunanmu, wata bayan wata, kan yaƙi da takunkumi da bashi da haraji, ba tare da mun ji ta inda suka bi ba.

Ni tsohon malamin makaranta ne, darasin harkokin gwamnati na koyar a sakandare har na yi ritaya, don haka na san ƙorafin da muke yi, kuma gaskiya ne. Lokacin da aka kafa majalisar a 1945, cikin ƙasashe 51 huɗu ne kacal daga Afirka: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Yau mambobi 193 ne, 54 namu ne, amma har yanzu Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin ne kaɗai ke da ikon hawa kujerar na-ƙi. Babban Zaure, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya, shawara yake bayarwa. Hukuncin da ya zama dole a bi yana hannun Kwamitin Sulhu mai kujeru 15. Kuma ba a iya gyara kundin majalisar sai waɗannan biyar ɗin duk sun amince, wato wuƙa da nama suna hannun wanda ake son ya rage wa kansa iko. Tun 2005 Tarayyar Afirka ta tsayar da matsayarta, wadda ake kira Matsayar Ezulwini, wato a ba Afirka kujeru biyu na dindindin masu cikakken iko da biyar na karɓa-karɓa. Da Amurka ta waiwayo a Satumba 2024, cewa ta yi ta yarda da kujerun biyu amma ban da ikon na-ƙi.

Na kuma san cewa ƙuri'ar matalauciyar ƙasa tana da tsada a kanta. A ranar 29 ga Nuwamba 1990 Yaman ta ƙi goyon bayan ƙudurin da ya buɗe ƙofar yaƙar Iraƙi, ita da Kuba. Ba a ɗauki lokaci ba Amurka ta yanke mata tallafin kusan dala miliyan 70. A Disamba 2017, ana shirin ƙuri'a kan matsayin birnin Ƙudus, jakadiyar Amurka Nikki Haley ta fito fili ta ce za su rubuta sunayen waɗanda suka juya musu baya. Duk da haka ƙasashe 128 suka goyi bayan ƙudurin da ya yi watsi da matakin Amurka na ɗaukar Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila, 9 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Togo ce kaɗai daga Afirka cikin taran nan. Wanda ya ce babu matsin lamba a wannan zaure bai karanci tarihinsa ba.

To amma, Malam Edita, ga inda na saɓa da masu cewa ƙuri'armu ba ta da wani amfani. Mu koma ranar 17 ga Maris 2011. A ranar Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya hana shawagin jirage a sararin Libiya, ya kuma halatta ɗaukar duk matakin da ya kamata don kare fararen hula. Ƙuduri ba ya wucewa a kwamitin sai da ƙuri'u tara. Wannan ya samu goma. Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Brazil sun ƙaurace. Cikin goman nan uku namu ne: Nijeriya, Afirka ta Kudu da Gabon. A yi lissafin da ɗan aji uku zai iya: da biyu kawai daga cikinsu sun janye hannu, da ƙuri'u takwas suka rage, da ƙudurin ya faɗi ba tare da kowa ya hau kujerar na-ƙi ba. A wannan rana mabuɗin yana aljihun Afirka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mako guda kafin nan, ranar 10 ga Maris, Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka ya zauna a Addis Ababa ya ce bai yarda da tsoma bakin sojojin waje a Libiya ba, ya kafa kwamitin shugabanni da zai je sulhu. Kafin shugabannin su shiga Libiya an fara ruwan bama-bamai. Ba na cewa wakilanmu ba su da hujja. Gaddafi ya yi wa mutanen Benghazi mummunar barazana, Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ma ta nemi a hana shawagin jiragen, kuma duk mai imani zai ji tsoron kisan kiyashi. Amma mun ga abin da ya biyo baya. Ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda ta karɓi aiwatar da ƙudurin, ta faɗaɗa aikin har gwamnati ta rushe, aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba, rumbunan makamai suka zama na kowa. A Janairu 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali da mayaƙan da suka dawo daga Libiya. Shugaba Jacob Zuma da kansa ya fito daga baya yana kukan cewa an yi amfani da ƙudurin ta hanyar da ba ta dace ba. Marigayi Shugaba Buhari ya sha danganta yawaitar bindigogi a yankinmu da rushewar Libiya. Ba zan ɗora wa Libiya duk masifar da muke ciki ba, domin rashin adalci da talauci da sakacin hukuma namu ne na gida. Sai dai duk wanda ke zaune tsakanin Katsina da Maraɗi ya san irin makaman da ke hannun ɓarayin daji yau ba su muka sani ba a da.

A lokacin muna tsakiyar yaƙin neman zaɓen Afrilu 2011, hankalin kowa yana kan fastoci da gangami. Ni dai ban ji an tattauna wannan ƙuri'a a majalisin unguwa ko a ɗakin malamai ba, kuma mu ne masu koyar da darasin. Ko wakilin da aka tura ɗaurin aure, idan ya dawo yakan zauna ya faɗa wa dangi abin da ya amsa da sunansu.

Akwai kuma ranar da muka yi abin da ya dace aka murƙushe mu. A Disamba 2021 Nijar ce ke shugabantar Kwamitin Sulhu. Ita da Ireland suka kawo ƙudurin da zai sa kwamitin ya riƙa duba yadda sauyin yanayi ke rura wutar rikici, abin da mutanen Diffa da bakin Tafkin Cadi ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Ƙasashe 113 suka sa hannu a kansa, 12 cikin 15 suka zaɓe shi, Indiya ta ƙi, Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar na-ƙi, shi ke nan. Na kawo wannan ne don masu ganin kamar wata babbar ƙasa ce mai ƙaunarmu wata ce maƙiyiyarmu. Kowacce tana ture buƙatarmu ranar da ta ci karo da tata.

Babban Zaure kuwa, duk da an ce shawara kawai yake bayarwa, yana da haƙori idan an haɗa kai aka jure. A Oktoba 1974 Amurka, Birtaniya da Faransa suka haɗu suka hana a kori gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu daga majalisar. Makonni biyu bayan haka Babban Zaure, ƙarƙashin shugabancin Abdelaziz Bouteflika na Aljeriya, ya hana wakilanta zama, da ƙuri'u 91 a kan 22, kuma ba su dawo ba sai 1994. Shekara da shekaru ’yan Nijeriya ne ke jan kwamitin majalisar na yaƙi da wariya, cikinsu har da Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Allah ya jiƙansa, da Janar Joseph Garba da Farfesa Ibrahim Gambari. A wancan zamanin ɗan sakandare ya san matsayin ƙasarsa kan Afirka ta Kudu, kuma ina ganin wannan sanin na jama'a yana cikin abin da ya ƙarfafa wa wakilanmu gwiwa. Ko a Nuwamba 2023, Nijeriya ce ta gabatar da ƙuduri a madadin Afirka na a dawo da tsara dokokin harajin manyan kamfanonin duniya ƙarƙashin majalisar, ya wuce da ƙuri'u 125 a kan 48, duk da adawar Amurka da ƙasashen Turai. Mutum nawa ne a cikinmu suka ji wannan labari?

’Yan uwanmu na Nijar ma suna da tasu tambayar. A ranar 2 ga Maris 2022 Nijar tana cikin ƙasashe 141 da suka yi tir da mamayar da Rasha ta yi wa Yukren. A ranar 24 ga Fabrairu 2025 tana cikin 18 da suka ƙi wani ƙuduri makamancinsa, tare da Mali da Burkina Faso da Rasha, har da Amurka. Ƙasa tana da ’yancin sauya matsayi, amma talakan Damagaram yana da haƙƙin a gaya masa dalili.

Roƙona gare ku ƙarami ne. Sakamakon waɗannan ƙuri'u ba sirri ba ne, majalisar tana wallafa su a intanet ƙasa bayan ƙasa. Ku ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, ku rubuta mana da Hausa abin da aka kaɗa ƙuri'a a kai, yadda Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi suka yi, sannan wakilinku na Abuja ya nemi Ma'aikatar Harkokin Waje ta faɗi dalili. Idan sun ƙi amsawa, ku buga cewa sun ƙi. Kwamitocin harkokin waje na Majalisar Dattawa da ta Wakilai su ma ku tambaye su yaushe rabon da su kira jakadanmu ya yi musu bayanin wata ƙuri'a. Nijeriya ta zauna a Kwamitin Sulhu sau biyar, na ƙarshe a 2014 zuwa 2015, kuma in Allah ya so za ta sake zama. Ina son kafin wannan lokaci masu karatunku su saba da yin wannan tambaya.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Katsina.