A gyara wayarin tukuna kafin a shimfiɗa kafet

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan sammin fili in yi magana da ƴan uwana masu son tsofaffin motoci, musamman masu farfaɗo da su da hannunsu a gida, don akwai wani kuskure da naga ana ta maimaitawa kuma ni kaina saida ya kusa cinye min mota kafin na hankalta.

Mutum zai samu tsohuwar mota, abu na farko fenti, na biyu kushin da kafet, tana ta sheƙi a ɗauki hoto kowa na masha Allah, alhali wayoyin da ke kwance ƙarƙashin kafet ɗin nan sun girmi mai motar kuma ba wanda ya ko leƙa su. Nima haka nayi. Tawa Volkswagen Beetle ce ƴar 1971, ta kawuna ce, ta daɗe a ajiye an lulluɓe ta da tamfol, da na samu ta tashi sai ɗoki ya kwashe ni na fara da kujeru, sabon soso sabuwar leda, har ina jin kaina.

To ita Beetle batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma asali akwai murfi a kansa saboda sifirin ɗin kujerar ƙarfe ne. Nawa murfin ya ɓata tun ban san motar ba. Ranar da na fara fita da ita ƙanina, wanda Allah ya hore wa jiki, ya faɗa baya ya zauna da ƙarfinsa, bamu yi nisa ba naji ƙauri, ina waigowa naga hayaƙi na fitowa ta tsakanin ƙafafunsa, ashe sifirin ne ya sauka ya taɓa kan batir mai wuta. Wlh ban san lokacin da na fizgo kujerar na wurgar waje ba. Sabuwar ledar ta ƙone kamar faɗin tafin hannu, Allah dai ya taƙaita.

Daga ranar na kwashe komai na ciki na koma kan wayarin. A Beetle ta but ɗin gaba ake ganin bayan dashbod, ka cire kwalin da ya rufe shi sai ga komai a fili. Abin da na tarar ba kyan gani. Robar wayoyin ta bushe, ka ɗan lanƙwasa sai ta tsage kaga jan ƙarfen ya yi baƙi, wasu an murɗa su da hannu an naɗe da salatif shi kuma salatif ɗin ya narke ya zama danƙo, akwai wata waya da na bi ta tun daga gaba har baya na tarar ba inda taje, a iska take da wuta a jikinta. A akwatin fiyus kuwa wani gurbin takardar kwalin sigari mai ƙyalli aka cusa, wani kuma an sa ja inda fari ya kamata. Irin fiyus ɗin motocin nan kala ce ke faɗa maka ƙarfinsu, fari amp 8, ja amp 16, kuma mutane sun kasa gane cewa waya fiyus yake karewa, idan ka sa babba don ya daina yankewa to wayar ce zata yi zafi ta ƙone a madadinsa.

Abinda ya bani ƙwarin gwiwa shine da na samu zanen wayarin ɗin na gane Jamusawa basu bar komai a duhu ba, kowane baki da lambarsa a jiki. 30 wuta ce kai tsaye daga batir ko da mota a kashe, 15 sai ka murɗa makulli take zuwa, 50 ta kik, 56a babbar fitila 56b ƙarama, 31 kuma negatif ce mai kama jikin mota kuma wayarta ruwan ƙasa ce. Ka haddace waɗannan ka gama rabin karatu. Amma fa a kula, wani abokina mai MG ta Ingila ya zo taya ni ya kusa yi min ɓarna, don su a tsarin motocin Ingila waya ruwan ƙasa ita ce mai wuta kai tsaye daga batir ba fiyus a tsakani, baƙa ce ke kama jiki. Kala ɗaya, aiki biyu masu kishiyar juna. Wasu ma tsofaffin na Ingila fozitif ne ke kama jikin motar, saboda haka kar wanda ya ɗauki ilimin wata mota ya ɗora wa wata, a nemi zanen ainihin motar da shekararta.

Yadda nayi aikin ba wani sirri. Na fara cire kan batir na negatif, kullum shi ake fara cirewa shi ake mayarwa a ƙarshe. Kowace waya kafin in zare ta sai na ɗauki hoto na manna mata takarda na rubuta inda take zuwa, ɗana na riƙe min tocila yana hamma. Na so in yi faci ne kawai amma da naga facin zai fi wayar yawa sai na nemi sabon damin wayoyi gaba ɗaya, kuma na Beetle baya wuyar samu tunda an ƙera sama da miliyan 21, sai 2003 aka daina yinta a Meziko. Dabarar da ta cece ni, kafin ka zaro tsohon damin ɗaura masa igiya mai ƙwari a bakin, yana fita igiyar na bin hanyarsa, da ita zaka jawo sabon. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe sai da roba a ramin, in babu to girgiza zata sa ƙarfen ya yanka ta a hankali.

Kaurin waya ma lissafi ne mai sauƙi, gulob mai wat 55 a kan volt 12 yana jan kusan amp 4.6, biyu sun haura 9, kaga siririyar wayar rediyo ba zata ɗauka ba. Masu ƴan kafin 1967 da ke kan volt 6 su ninka lissafin.

Amma abinda yafi bani mamaki, yawancin aljanun da ke motar nan duk negatif ne da baya kama jiki da kyau. Ka taka birki sigina ta kawo wuta dishi-dishi, ka kunna fitila wani gulob ya mutu wani ya taso, kawai tsatsa ce a inda ruwan ƙasar wayar take ɗaure, ka goge da samfefa har ƙarfe yayi fari ka ɗaure tamau shikenan. Akwai kuma wata faffaɗar waya kamar kitso tsakanin giyabos da jikin motar, tawa ta rage ƴan silala, shiyasa kik ke nishi ina ta zargin batir.

Ranar mayar da wuta ban haɗa batir kai tsaye ba, na kashe komai na sa gulob tsakanin kan negatif da wayarsa, in akwai inda wuta ke taɓa jiki gulob ɗin ne zai haska maimakon waya ta ƙone. Ya haska kuwa. Fitilar silin ce na matse wayarta.

Sai bayan komai ya yi aiki na koma ciki, kuma a nan ne na ƙara gane dalilin jerin, don damin wayoyin ta gefen hagu yake bi ƙarƙashin kafet, wayar fitilar ciki kuma bayan silin take, duk wanda ya manna waɗannan da gam kafin ya gama da wuta zai ɓanɓare su da hannunsa yana takaici. Ƙasan batir ruwansa ya cinye ƙarfen har ina hango ƙasa, wannan kam mai walda na kira don ba aikina bane. Silin shine ya fi bani wuya, dole sai an cire gilasai saboda bakinsa ƙarƙashin robar gilas yake shiga, sandunan da ke riƙe shi kuma ba tsayi ɗaya ba sai ka sa musu lamba, na bari ledar ta sha rana tayi laushi ina ja ina kamawa da abin shanya, duk da haka akwai tattara ɗaya a kusurwar gilas ɗin baya da ni kaɗai nake ganinta kuma kullum sai na kalle ta. Bayan kwalin ƙofa a tabbata an mayar da ledar da ke tare ruwa. Roƙona ɗaya, a daina yanka dashbod ɗin motocin nan don a cusa rediyo mai allo, ƙarfen in an yanke baya dawowa.

Edita in da hali ku riƙa ɗan ware mana fili a shafin motoci ana kawo irin wannan, harda zane. Ni dai yanzu hon ne ya rage min, baya kuka sai na karya sitiyari hagu, ina zargin ƴar wayar da ke tsallake robar ƙasan sitiyarin ce, in akwai mai karatu da ya taɓa fama da ita ya taimaka ya rubuto.

Naku,
mai karanta ku kullum