Bitirut Yana Taimaka wa Zuciya, Amma Kada a Ajiye Maganin Hawan Jini Saboda Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan bitirut, wannan saiwar mai ja wur kamar garura da manoman Filato suke nomawa tare da karas da kabeji, wadda yanzu ake ganinta jibge a kasuwannin kayan gwari irin su Yankaba a nan Kano.

Yayana ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya shekara shida yana shan maganin hawan jini, sai wani saƙon murya ya iso masa ta WhatsApp cewa kofi ɗaya na ruwan bitirut a kullum yana wanke jijiyoyi, ya raba mutum da ƙwaya har abada. Nan take ya ɗora maganinsa a saman firij, ya sa aka riƙa markaɗa masa bitirut da citta kowace safiya. Kwana biyu da farawa ya kira ni hankali a tashe, wai fitsarinsa ya koma ja, yana tsammanin tsargiyar da ya yi fama da ita lokacin da muke wanka a kududdufi ce ta dawo. Ba ita ba ce, launin saiwar ne kawai, wanda yakan fito a fitsarin wasu mutane ba tare da wata illa ba. Babbar matsalar ita ce wadda bai ji a jikinsa ba, domin da muka je asibiti bayan mako uku, awon jininsa ya haura inda yake a da, kuma likita bai ɓoye ɓacin ransa ba.

Duk da haka ba zan ce mai saƙon ƙarya ya shara daga farko har ƙarshe ba. Bitirut yana ɗauke da sinadarin naitiret mai yawa. Idan mutum ya ci, wani kaso na sinadarin yakan shiga jini ya dawo cikin yawu, inda wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a bayan harshe suke sauya shi, daga bisani jiki ya mayar da shi naitirik oksayid, wanda aikinsa shi ne sassauta bangon jijiyoyin jini domin su buɗe, jini ya wuce ba tare da zuciya ta yi ta naƙuda ba. Gano aikin naitirik oksayid a jijiyoyi ne ya sa aka ba masana uku, Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad, kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1998.

A 2008 ayarin Farfesa Amrita Ahluwalia a Landan ya ba masu lafiya rabin lita na ruwan bitirut, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda, aka ga awon jininsu ya sauka cikin kimanin awa uku. Abin da ya fi burge ni a wannan binciken shi ne, da aka sa wasu suka riƙa tofar da yawu maimakon haɗiyewa, sai amfanin ya ɓace. A 2015 ayarin ya sake gwaji a kan mutum 64 masu hawan jini, suna shan rubu'in lita kullum har mako huɗu, cikin lambobi biyu na awon hawan jini, ta sama ta ragu da kimanin maki 8, ta ƙasa kuma da kimanin 4. Ragi ne na gaske, amma a lura da abu biyu: rabin waɗannan mutane suna kan maganinsu aka yi gwajin, ba a ce su daina ba, kuma da aka dakatar da shan ruwan, cikin mako biyu awon ya koma gidan jiya. Wanda lambarsa ta sama ta kai 170, ragin maki 8 ba zai fitar da shi daga hatsarin shanyewar ɓarin jiki ba.

Ga samarinmu masu ƙwallo da tsere da ɗaga ƙarfe, labarin ya fi daɗi. A 2009 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Andrew Jones, sun ba maza takwas rabin lita kullum na kwana shida, suka tarar da cewa jikinsu yana buƙatar ƙarancin iskar oksijin wajen tuƙa keken gwaji, kuma lokacin da suke jurewa kafin su gaza ya ƙaru da kashi 16 cikin 100. A 2018 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya lissafa naitiret cikin 'yan tsirarun abubuwan ƙarin kuzari da ke da hujja. Sai dai mutum takwas ba taro ba ne, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ƙwararrun 'yan wasa ba su cika samun ƙaruwa kamar masu motsa jiki jefi-jefi ba. Mai son gwadawa ya sha awa biyu zuwa uku kafin ya fita fili, kuma ya guji ruwan kurkure baki na kanti mai kashe ƙwayoyin cuta, domin yana kashe har da waɗanda ake buƙata a harshe.

Akwai kuma maganar da na sha ji a bakin masu sayarwa, cewa bitirut yana ƙara jini. Ina ganin jan launinsa ne ya jawo masa wannan suna, kamar yadda ya jawo wa zoɓo. Yana da sinadarin folet mai kyau, wanda masu juna biyu ke buƙata, amma sinadarin ƙarfen da ke cikinsa bai kai miligiram 1 a giram 100 ba, wanda bai kama ƙafar hanta ko wake ba.

Wanda kuɗin bitirut ya yi masa yawa kada ya ji an bar shi a baya, domin alayyafo da latas su ma suna da naitiret sosai. Illarmu ita ce tafasa ganye a tsiyaye ruwan a zubar, alhali sinadarin yana narkewa ne ya bi ruwan. Haka kuma babu ma'ana a sha kofin bitirut da safe a kuma zuba dunƙulen ɗanɗano huɗu a miyar dare, ganin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana. Masu tsakuwar ƙoda su yi hattara da bitirut saboda sinadarin oksalet da ke cikinsa, wanda kan taimaka wajen haɗuwar tsakuwar, masu ciwon ƙoda su tambayi likita tukuna, masu ciwon sukari kuma su san cewa ruwan yana da nasa zaƙin ko ba a zuba masa sukari ba.

Ina roƙon jaridarka ta gayyato likitan zuciya ya yi wa masu karatu bayani da Hausa a shafin lafiya. Yayana dai ya sauko da maganinsa daga saman firij, yana kuma ci gaba da shan bitirut ɗinsa da sanin likita, mun kuma saya masa na'urar awon jini ta gida, yana rubuta lambobin a bayan kalanda.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kano.