Awa ɗaya ta kusa raba yaro da aikinsa a Kantin Kwari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tona asirin kaina, ko 'yan'uwana masu rubuta manhaja a Kano za su kauce wa ramin da na afka.

A azumin 2025 wani Alhaji mai dillancin atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ba ni aikin haɗa masa ɗan shafi da zai riƙa nuna masa kuɗin da suka shigo ta taransifa kowace rana. Tsarin ba wani abin tashin hankali ba ne. Shafin zai tambayi sabar kamfanin da ke karɓar masa kuɗi, wato kwamfutar da ke ajiye bayanansu, saba ta dawo da amsa a rubuce, ni kuma in tsamo adadin kuɗi da ranar biya in jera. Lokacin biyan yana zuwa ne kamar haka: 2025-03-27T23:40:12Z. Ina ganinsa na ce wannan ai shan ruwa ne. Na ƙirga haruffa goma na farko na yanke, ga kwanan wata, sauran na watsar kamar ɓawon gyaɗa. Na gwada da rana tsaka, komai ya tafi daidai. Alhaji ya sallame ni, har da ihsanin shadda yadi biyar.

Ranar Juma'a da daddare, Sallah saura kwana biyu, sai ga wayarsa. "Injiniya, duk abin da kake yi ka bari ka zo." Na tarar da yaron shagonsa a tsugune, ido ya yi ja. Wani kwastoma daga Maraɗi ya turo naira 640,000 da ƙarfe 12:40 na dare. Yaron ya ga alat, ya rubuta a littafin Juma'a, da safe ya sa aka kai kaya tasha. Alhaji ya buɗe shafina na Juma'a, babu kuɗin babu alamarsu. Na Alhamis kuwa ya riga ya duba ya rufe tun ƙarfe goma na daren jiya, bai ga dalilin komawa ba. Kowa ya san yadda alat na bogi ya addabi kasuwa, don haka hukunci bai yi masa wuya ba: yaro ya haɗa baki da ɓarayi. Yaron ba abin da yake maimaitawa sai "Wallahi Alhaji, da idona na gani."

Kuɗin suna nan lafiya lau, a shafin Alhamis. Ni na kai su can.

Wannan harafin Z da na zubar shi ne kan maganar. Yana nufin lokacin an rubuta shi ne da agogon duniya, UTC, wanda ya yi daidai da GMT. Najeriya kuwa tun 1919 agogonta yana gaban wannan da awa ɗaya, ba ma kuma matsar da shi rani da damina yadda ake yi a Ingila. Ke nan kullum tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, Kano ta shiga sabuwar rana, saba tana jiya. 23:40 na 27 ga Maris a wurinta shi ne 12:40 na 28 ga Maris a wurinmu. A sauran watanni wa zai tura kuɗin atamfa a wannan tsakanin? Amma a goman ƙarshe gari idonsa biyu. Masu tahajjud suna masallaci, teloli suna kan keke, 'yan kasuwa suna kan waya. Kuskuren ya yi kwanton ɓauna har sai da ya samu daren da ya dace.

Abin da nake so ƙannena masu koyon wannan sana'a su ji shi ne, lokacin da saba ta turo ba rubutu ba ne da ake sa wa almakashi. Kuma ba kama ɗaya yake zuwa da ita ba. Wanda ya kayar da ni tsarin ISO 8601 ne, wanda aka fitar tun 1988. A kan kusan kowace amsar HTTP, wato amsar da saba ke turo wa shafi, kuma akwai layin Date mai irin wannan siffa: Thu, 27 Mar 2025 23:40:12 GMT, shi ma ba agogon Kano ba ne. Wata sabar ma lamba zalla za ta miƙo maka, adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun 1 ga Janairun 1970. JavaScript kuwa, yaren da ake rubuta manhajar shafi da shi, da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake lissafi, idan ka manta ba ka ninka da 1000 ba sai rasit ya nuna an biya a Janairun 1970, kafin a haifi Alhajin ma watakila. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne irin 03/04/2025. Mu a nan 3 ga Afrilu muke karantawa, Ba'amurke 4 ga Maris yake nufi, burauza kuma yawanci bayan Ba'amurken take bi. Ga kuma tsohon tarkon da JavaScript ya gado daga yaren manhaja na Java tun 1995: Janairu shi ne wata na 0, Disamba na 11.

Gyaran bai ci mini minti ashirin ba, abin kunyar ke nan. Na miƙa wa Date, mai sarrafa lokaci a JavaScript, rubutun gaba ɗayansa har da Z ɗin, na adana shi a UTC, sai wajen nunawa na sa Intl.DateTimeFormat, mai tsara yadda lokaci zai fito, ya juya shi zuwa Africa/Lagos, wato agogon Najeriya. Da farko na so in bar shi ya bi agogon wayar mai dubawa, sai na tuna Alhaji ba mazauni ba ne. Yau yana Makka, awa biyu gabanmu, gobe yana Guangzhou saro kaya, awa bakwai. Da littafin shago ya riƙa canja rana duk inda jirgi ya sauke shi. Ranar kasuwar Kwari da agogon Kano ake rufe ta, ko mai shagon yana ina.

Roƙona ga cibiyoyin koyar da kwamfuta da suka cika gari, da malamanmu na manyan makarantu: ana koya wa yara yi wa shafi kwalliya mako da makonni, amma ban taɓa zama ajin da aka ware awa guda kan lokaci ba. A ba ɗalibi rubutun saba na ƙarfe 23:30 a ce ya faɗi ranar a Kano. Duk wanda zai miƙa aikin da ya shafi kuɗi, ya gwada shi da irin wannan lokacin tukuna. Iyayenmu 'yan kasuwa kuma, idan kwamfuta da littafin yaro suka saɓa, a nemi bayanin banki kafin a kira kowa ɓarawo.

Da na nuna wa Alhaji kuɗin, na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ba nasa ba." Ya yi shiru ya daɗe. Na juya na ba yaron haƙuri, sai ya ce, "Ba komai Injiniya, ni dai a gaya wa mahaifiyata." Ashe tun da yamma an aika gidansu da labari. A daren muka shiga motar Alhaji mu uku muka nufi Kurna.

Naku,
Wani mai rubuta manhaja,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.