Rahoton ayyukan shekarar 2025 na ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, Agege

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, Baba Shugaba, Malam Ma'aji, Koci, iyaye mata da ke turo mana yaransu, da sauran ƴan uwa na nan Agege da waɗanda neman abinci ya kai su Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar lafiya. Ga rahoton abin da mukai a bana, na turo shi tun kafin babban taro don kowa ya karanta a gida ya zo da maganarsa a shirye, kar a zo a cinye mana la'asar ana tambayar abin da yake a rubuce. Lissafin kuɗi na wajen Malam Ma'aji, shi zai karanto shi da rasit ɗinsa, ni iyakata abin da ya faru a fili.

Filin dai har yanzu na aro ne, sai an tashi ɗalibai muke shiga, kuma mun gode wa masu makarantar. Babban aikin da mukai masa shi ne gyaran kwandon gefen gabas, wanda samari suka lanƙwasa saboda kowa so yake ya yi tsalle ya rataya a jiki a ɗauke shi hoto. Da aka kira mai walda, Koci ya ce a bari ya gwada tsayin tukunna, ya hau benci da tef a hannu, yaro ɗaya ya danne ƙarshen tef ɗin a ƙasa da ƙafarsa. Ƙa'ida mita 3.05 ce daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen. Namu ashe ya gaza da kusan taƙi guda, kuma a haka yaran suka saba jifa tun da aka kafa shi. To shi ya sa duk sanda muka fita wasa wani fili sai ka ga ƙwallonsu na dukan gaban ƙarfe tana dawowa, mu kuma muna ta cewa tsoro ne ko rashin sa'a. An ɗaga shi yanzu, an yi sabon allo, an ja layuka da fenti. Satin farko yaran sun yi ta mita wai kwandon ya yi nisa, yanzu kam hannu ya zauna.

Azumi ya faɗo a watan Maris, sai muka mai da atisaye jifa kawai ba gudu, daf da shan ruwa. Damina kuma kun san halinta a garin nan, Yuni da Yuli ruwa kwanciya yake a tsakiyar simintin, sai an bi da tsintsiya kafin a fara, wata ran kana gama sharewa wani hadarin ya haɗo. Maganar yanka kwata a gefen filin tana nan ba a yi ba, ba kuɗi.

Mun fita wasannin sada zumunta, wanda ya fi tsaya min shi ne na Rowe Park a Yaba. A jirgin ƙasan nan na jan layi muka je, daga tashar Agege kai tsaye zuwa Yaba, ba gosulon Oshodi ba rigima da kwandastan danfo, wasu yaran ma ranar suka fara shiga jirgi. An ci mu, kuma ci mai kyau. Zango biyun farko muna kafaɗa da kafaɗa da su, daga nan kocinsu ya gane duk yaranmu da hannun dama kaɗai suke tuƙa ƙwallo, sai ya sa aka toshe musu dama, shikenan aka yi ta ƙwace mana. Ga gajiya, don minti goma goma sau huɗu a cikakken fili mai mita 28 ba irin guje-gujen da muke a rabin fili ba ne. Tun daga ranar Koci ya kafa doka, kwata na farkon atisaye hannun hagu zalla, wanda ya taɓa ƙwallo da dama ya zagaye fili.

Yanzu ga abin da ya sa rahoton bana ya yi tsawo. Bayan babbar sallah Koci ya tafi gida arewa jinyar mahaifinsa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya kwashe kusan wata biyu. A wannan tsakanin atisaye ya mutu murus. Yara za su zo, manya su karɓe ƙwallaye su raba kansu su yi ta buga wasa, ƙanana na zaune a kan katanga suna kallo har magariba, ba mai kiran suna, ba mai duba wa ya zo wa bai zo ba, ƙwallo biyu suka ɓata ba wanda ya san inda suka shiga. Wasu iyayen suka janye yaransu kuma ban ga laifinsu ba. Mu ƴan kwamiti duk muna nan da ranmu, amma a cikinmu ba wanda ya iya tsara atisayen awa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ƙungiya guda kenan tana tsaye a kan mutum ɗaya da usur ɗinsa, shi ɗin ma ba albashi muke ba shi ba, yana rufe shagonsa ne ya zo.

Ya dawo ana daf da wasan ƙarshe na AfroBasket na mata, wato gasar ƙwallon kwando ta ƙasashen Afirka, a Abijan, sai muka kama gidan kallo ranar 3 ga Agusta muka kai yaran gaba ɗaya, maza gefe mata gefe. Najeriya ta doke Mali 78 da 64, kofi na biyar a jere kenan tun daga 2017. Ihu dai an sha shi. Amma Koci ba wajen ƴan wasan ya sa yaran su kai ido ba, ce musu ya yi ku dinga kallon matar can da ke tsaye a bakin layi, kocin Najeriya, ku ga yaushe take kiran hutun taƙaitaccen lokaci, wa take cirewa, me take zanawa a allon hannunta. Sati na gaba ya zaunar da mu a ƙarƙashin rumfa ya ba mu tarihinta, kuma ni a ganina wannan zaman ya fi duk wasannin da muka buga a bana amfani, shi ya sa zan maimaita shi nan don waɗanda ba su zo ba.

Sunanta Rena Wakama. A Amurka aka haife ta a 1992, a garin Raleigh na jihar North Carolina, iyayenta ƴan Okrika ne ta jihar Ribas. Ta buga wa jami'ar Western Carolina shekara huɗu. A 2015 ta bi D'Tigress, wato tawagar mata ta Najeriya, zuwa Kamaru inda Najeriya ta zo ta uku, ta kuma sa rigar ƙungiyar First Bank ta nan Legas a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka. Kusan iyakar wasanta kenan. Ba ta yi sunan da za a ce yara na rubuta lambar rigarta a bango ba, kuma ba ta tsaya jiran sai gwiwa ta ƙare ba kafin ta nemi abin yi. Ta koma Manhattan College a New York, kuma ba a matsayin koci ta fara ba, shekara biyu ta yi tana riƙe da harkokin gudanarwar ƙungiyar mata ta makarantar, wato irin aikin nan na tsara tafiya, masauki, kayan wasa, jadawali, aikin da ba mai tafa maka. A nan ta yi digirinta na biyu a harkar kasuwanci, sannan aka ɗaga ta zuwa mataimakiyar koci.

A ƙarshen Yunin 2023 aka ba ta D'Tigress, tana da shekara 31, mace ta farko da ta riƙe wannan kujerar, kuma saura kamar wata ɗaya a fara gasa a Kigali. Ku tuna halin da ƙungiyar ke ciki a lokacin, a 2022 gwamnati ta sanar da janye Najeriya daga wasannin ƙwallon kwando na duniya saboda rikicin shugabanci, kafin a janye maganar har an ba Mali gurbinmu a gasar kofin duniya ta Sidni, gurbin da matan nan suka samu da guminsu. A haka ta karɓa, mutane na ta cewa yarinya ce ba ta taɓa riƙe ƙungiya a matsayin babbar koci ba. Ta je Kigali ta doke Sanigal 84 da 74 a wasan ƙarshe, ta zama mace ta farko da ta ci wannan kofin a matsayin koci. A Olamfik ta Faransa 2024 suka buɗe da Ostireliya, ɗaya daga cikin manyan duniya, suka ci 75 da 62, nasarar farko da matanmu suka samu a Olamfik tun 2004. Faransa ta ci su, suka dawo suka doke Kanada 79 da 70, da haka suka shiga zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, abin da ba wata ƙasar Afirka da ta taɓa yi a ƙwallon kwandon Olamfik, maza ko mata. Amurka ce ta fitar da su 88 da 74, amma FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ita ta zaɓa gwarzuwar kocin gasar. A bana kuma tana mataimakiyar koci a Chicago Sky ta gasar WNBA, wato gasar ƙwararrun mata ta Amurka, ta zo ta ƙara ɗaukar kofin Abijan ɗin da muka kalla.

Da aka zo wajen ladan da shugaban ƙasa ya sanar, dala 100,000 ga kowace ƴar wasa da gida da lambar girma, nan fa samari suka farka, wani har lissafi yake da waya nawa ne a naira. Koci ya bar su suka gama, sannan ya ce shi inda yake so su riƙe shi ne shekara biyun nan na Manhattan, don a cikinku ba lallai a samu ko mutum ɗaya da zai ci abinci da wasa ba, amma wanda ya iya riƙe rajista, ya iya ƙirga kaya, ya iya koya wa ɗan shekara tara tsayuwa, wannan ƙungiya ba za ta rabu da shi ba. Ni ma ra'ayina kenan, kuma zan faɗa a gaban kowa, mun daɗe muna zuba ido a kan yaro mafi tsawo muna mafarkin wani zai zo ya ɗauke shi zuwa waje, saboda kowa ya san Hakeem Olajuwon, tsohon tauraron gasar NBA ta Amurka, ɗan Legas ne, Masai Ujiri kuma a Zariya ya tashi. Amma shi Masai ɗin ai ba da wasa ya yi suna ba, a ofis ya kai Toronto ga kofin NBA a 2019.

Abin da ya biyo baya, kwamiti ya amince an ɗora samari biyu daga cikin manya a matsayin mataimakan Koci tun watan Satumba. Ɗaya na riƙe da littafin rajista da makullin akwatin kaya, ɗayan na ɗaukar ƙananan yara rabin awa kafin manya su shiga, da ƙaramar ƙwallo lamba 5 da ta dace da hannunsu. Wanda aka ba ƙananan ba shi ne ya fi iya wasa ba, gaskiya ma benci ya fi zama, amma yana da haƙuri, zai durƙusa daidai tsayin yaro ya gyara masa gwiwar hannu sau goma bai ɗaga murya ba. Na farkon kuma tun da ya karɓi makulli ko famfon iska bai ɓata ba. Wasu sun yi gunaguni wai me ya sa ba a ba kyaftin ba, amsa ita ce kyaftin wasa yake so ya buga, a bar shi ya buga.

Ɓangaren mata shi ne inda muka fi ja da baya. Bayan kallon nan ƴan mata da dama sun nuna sha'awa, musamman da suka ji akwai mai suna Murjanatu Musa a tawagar da ta je Faransa. Iyaye suka kawo sharuɗɗa biyu kuma duka masu kyau ne, sutura da kuma wanda zai koyar. Ta sutura mai sauƙi ce, tun 2017 FIBA ta halatta wasa da ɗankwali ko hijabin wasa, dogon wando da riga mai hannu kuma ba wanda ya hana. Ta biyun ce ta tsayar da mu, don ba mu da mace koci, iyaye kuma sun ce namiji ba zai koya wa ƴaƴansu ba. Yanzu dai wata malamar Islamiyya da ta taɓa bugawa a sakandare ta yarda ta karɓa, ranar Asabar da safe, fili nasu su kaɗai, Hajiya uwar ƙungiya na zaune a bakin ƙofa. Ta ce ta manta abubuwa da yawa, sai Koci ke rubuta mata tsarin kowane sati a takarda. Suna buƙatar ƙwallo lamba 6, ita ce ta mata, yanzu da ta maza suke fama.

Kuɗin wata kuma sai haƙuri, mun san yadda abubuwa suke, da yawa cikin masu biya da ƴan acaba ne kuma tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022 ba su dawo daidai ba, ga tsadar mota. Amma akwai waɗanda Allah ya rufa wa asiri da sai an bi su har shago. Ba zan kira suna ba, littafin Malam Ma'aji zai kira. Muna godiya ga mahautan Oko-Oba da suka ɗauki nauyin rigunan wasa, da ƴar uwar da ke kawo fiya wata duk Lahadi ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Abubuwan da za a yanke a taro su ne ware wani abu duk wata na kuɗin mota ga mataimakan nan uku, wato samarin biyu da malamar, nema musu kwas na koci ko da na ƴan kwanaki ne a filin wasa na ƙasa da ke Surulere ko duk inda aka samu, sayen ƙwallayen mata, sai maganar kwata kafin damina ta dawo. Taron Lahadin farko ta watan Janairu ne bayan la'asar a rumfar fili, wanda ake bi bashi ya taho da shi, iyaye mata kuma don Allah a zo da kai kar a aiko yaro.

Naku,
Sakatare