Zuwa Ga Ɗana Mai Tambayar Abin da Ya Haɗa Alƙalami da Kotso

Assalamu alaikum.

Asabar ɗin da ta wuce, a zaman karatun da muke yi ƙarshen kowane wata a nan Gusau, ka miƙe gaban jama'a ka ce mini: "Baba, me ya kawo makaɗa taron marubuta? Adabi muka zo ji ko roƙo?" Lokacin Magariba ta ƙarato, shi ya sa na ce ka dakace ni. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Ban ji haushinka ba. Ni ma ina saurayi haka na ɗauka, cewa mai takarda yana sama, mai ganga yana ƙasa. Amma ka dubi ƙasar da aka binne cibiyarka. Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, a Rawayya aka haife shi, nan bayan gidanka. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya rasu tun 1991, har gobe ɗalibai na samun digiri a kan waƙoƙinsa. Ga Sa'idu Faru, ga Kassu Zurmi. Kai kanka a jami'a su ka karanta, ka rubuta jarrabawa a kansu. To yaya mutum zai zama adabi in yana kabari, amma magajinsa mai rai ya zama maroƙin da ba a so ya zauna kan tabarmarmu?

Ita ma rubutacciyar waƙar da kake taƙama da ita ba don a karanta ta a zuci aka yi ta ba. Nana Asma'u ba ɗab'i ta kai waƙoƙinta ba, jajoji, wato malamai mata da ta naɗa, ta koya wa, su kuma suka rera wa 'yan taru, matan da ke ɗaukar karatu wurinsu, a ƙauyuka. Ta kunne ta shiga gidaje.

Ka tuna abin da ya faru bayan ka sauka? Waƙarka a kan 'yan gudun hijira ta yi kyau, ban faɗa don in faranta maka ba. Amma kanka na cikin waya tun farko har ƙarshe, aka tafa maka tafin kunya. Tsohon nan mai kotso ya matso kusa da ni ya ce, "Yaron ga na da magana, amma ina amshinai?" Shi ke nan abin da ya ce, kuma ya fi sharhin da mu masu boko muka yi. Amshi shi ne abin da mai sauraro ke ɗauka ya kai gida. Shi ya san inda ake jan numfashi, inda ake barin 'yan amshi su karɓa, inda ake yin shiru kiɗa ya yi magana. Wannan ilimi ba ya cikin aji.

Akwai kuma wani dalilin da ba na son faɗa a gabansa. A da makaɗi yana da fadar ubangidansa, yana da gayyar noma da damina, da filin dambe da kaka. Yau wa zai tara jama'a da dare a ƙauye, ɓarayin daji na jin tashin kalangu? Da yawansu sun baro garuruwansu sun dawo cikin birni, a biki kuma mai lasifika da kebur ɗin waƙoƙi ya ƙwace musu wuri. Makaɗi ba shi kaɗai ba ne, yana da 'yan amshi biyar ko shida masu iyali. In suka watse neman abinci, ƙungiyar ta mutu ko da shi yana da rai. Wani zai ce ai akwai bukukuwan al'adu. Na Argungu ma, wanda ya faro tun 1934, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi a kundinta a 2016, sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin na 2020. Kotson da ke jiran irin wannan rana, gara za ta riga shi.

Batun cewa za a ce mun buɗe gidan gala, na ji shi. Jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999 muke ciki, ban manta ba. Shi ya sa muke farawa bayan La'asar mu tashi kafin Magariba, mata da wurinsu, maza da nasu. Kuma mun yi sharaɗi da tsohon nan mai kotso: ba zambo, ba wasa kowa don a yi liƙi. Kuɗinsa a ambulan muke ba shi daga karo-karon da muke yi, kamar yadda za mu ba malamin da ya zo gabatar da muƙala. Inda na yarda da kai shi ne watan jiya ya ci lokacin mutum uku. Laifina ne, na ji nauyin tsayar da dattijo.

Zama mai zuwa ka zo da waƙar nan taka tun ƙarfe uku. Na gaya masa, ya ce zai zo da yaransa biyu ku gwada sa mata amshi kafin mutane su taru. Ka riƙo masa goro, fari yake ci.

Naka,
Babanka na zaman karatu.