Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Erin Collins, Shugabar Ofishin Kare Haƙƙin Masu Biyan Haraji a Amurka

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan matan da gwamnatocin jihohi ke biyansu daga kuɗin Medicaid, shirin kiwon lafiya na masu ƙaramin ƙarfi, domin su yi jinyar mazajensu masu naƙasa a gida, da mazan da ke yi wa matansu irin wannan hidima. Jihohin da suka amince da haka sun kyauta, domin jinyar gida ta fi rufa wa majinyaci asiri, ta kuma fi zaman gidan jinya sauƙin kuɗi. Matsalar tana wajen haraji, inda sauƙin da aka yi wa waɗannan bayin Allah ya zo da asarar da ba a faɗa musu.

A watan Janairun 2014 hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, ta fitar da sanarwa mai lamba 2014-7, wadda ta ce kuɗin jinyar da ake biya ƙarƙashin wannan tsari na Medicaid ba sa cikin kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji, muddin mai jinya da majinyaci gida ɗaya suke zaune, ko da dangantaka tsakaninsu ko babu. Sai hukumar ta ɗauka cewa tunda ba a biyan haraji a kansu, ba za a lissafa su a matsayin ladan aiki ba wajen neman rangwamen EITC da ake bai wa ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi. Sai da wasu iyaye masu kula da 'ya'yansu naƙasassu suka kai ƙara, Kotun Haraji ta ba su gaskiya a 2019, sannan hukumar ta sassauto a 2020, ta bar wa mutum zaɓin ya saka kuɗin gaba ɗaya cikin lissafin rangwamen ko ya bar su gaba ɗaya. An kuma ware wa waɗannan kuɗi alamar II a gurbi na 12 na W-2, takardar da ke nuna albashin ma'aikaci da harajinsa na shekara. Duk da haka har yau ana samun masu cike wa mutane takardun haraji da ba su san da wannan zaɓi ba, wasu ma suna sa mace ta biya harajin da ba a binta, alhali shekara 3 kacal doka ta ba ta ta gyara takardunta ta karɓi kuɗinta.

Abin da ya fi damuna kuwa ya wuce wannan. A tsarin da majinyaci shi ne ake ɗauka a matsayin wanda ya ɗauki ma'aikaci, dokar haraji ta ce aikin gida da mace ta yi wa mijinta ba a cire masa kason Social Security (asusun fanshon tsufa da tallafin naƙasa) da Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi), wato kashi 7.65 cikin ɗari. Matar za ta ga albashinta ya zo cif, ta yi murna, ba tare da ta san cewa shekarun nan ba a rubuta mata su a ko'ina ba. Fanshon tsufa yana buƙatar maki 40 da ake tarawa ta hanyar biyan wannan kaso, kimanin aikin shekara 10. Tallafin naƙasa kuma, ga mafi yawan manya, yana buƙatar mutum ya yi aikin shekara 5 cikin shekara 10 da suka gabaci lalurarsa. Ke nan matar da ta bar aikinta ta shekara shida ko bakwai tana ɗaga miji daga gado zuwa keke, tana yi masa wanka, tana juya shi cikin dare, idan bayanta ya kama ta kasa tashi, za ta tarar ba ta cancanci tallafin ba. Maƙwabciyarta da ke irin wannan aiki ƙarƙashin kamfanin jinya kuwa ana tara mata makinta wata bayan wata.

Za a ce ai matar aure tana iya samun har rabin fanshon mijinta. Haka ne, amma mijin da naƙasa ta zaunar tun yana da ƙuruciya fanshonsa ba shi da yawa, balle rabinsa, idan kuma aure ya mutu kafin shekara 10 ko wannan rabin ba za ta gani ba. Dokar SECURE ta 2019 ta ba masu jinya damar zuba wani abu a asusun ritaya na IRA, sai dai wanda ke lissafin kuɗin magani da na haya ba kasafai yake da rarar ajiya ba.

Na san gyaran doka aikin Majalisa ne, amma ofishinki yana miƙa mata shawarwari kowace shekara. Ina roƙon ki sanya a cikinsu cewa a bai wa mai jinyar abokin aure zaɓin biyan kason Social Security idan yana so. Kafin nan, ki matsa wa IRS ta fitar da takarda guda cikin harshe mai sauƙi, wadda jihohi za su miƙa wa mai jinya ranar da za ta sa hannu a kan aikin, a bayyana mata harajin da aka yafe mata, da zaɓin rangwamen EITC, da makin fanshon da ba za ta samu ba.

Ki huta lafiya.

Naki,
Wani Bahaushe mazaunin Amurka